Yadda makaranta za ta samar wa yara masu buƙata ta musamman kayan karatu, da inda kuɗin zai fito

Tun da aka koma makaranta a watan Oktoba tambaya ɗaya ke ta dawo mini, daga direktoci, daga malamai, har da iyaye mata: "Muna da yaro makaho a aji, ko kurma, ko wanda ba ya iya riƙe alƙalami. An ce akwai na'urorin da ke taimakon irinsu. Ta ina za mu fara, kuma wa zai biya?" Wasu a nan cikin garin Tawa suke, wasu sun kira daga Illela, Madawa, Buza da Ƙonni. Amsa guntu-guntu a salula ba ta wadatarwa, shi ya sa na zauna na jera matakan yadda na ga suna tafiya, bayan shekarun da na yi ina koyarwa a ajin da ake haɗa yara masu lalura da sauran yara.

Roƙona ɗaya, a bi su a jere. Na taɓa buɗe kabad a ofishin wani direkta na tarar da tablet shida da wata ƙungiya ta kawo, har yanzu da ledarsu a fuska. Biyu batirinsu ya kumbura har ya ɗaga gilashi, caja uku sun ɓace, wanda aka nuna wa yadda ake kunna su kuma an yi masa canjin wurin aiki. A makarantar nan akwai wata yarinya ƴar CE1 da ke kwafar darasi hancinta na gogar kaye. Tabarau take buƙata da wurin zama a gaba, amma babu wanda ya tambaye ta. An fara da mataki na takwas, an tsallake bakwai.

Mataki na 1: Ku san yaran tukuna

Ku sayi kaye sabo, kowane yaro shafi guda. Malamin kowane aji, daga CI zuwa CM2, ya yi mako biyu yana lura, yana rubuta abin da idonsa ya gani. Yaron yana karanta allo daga layin baya? In an kira shi ta baya yana waiwayowa? Yana hawa matakala shi kaɗai? Yana riƙe alƙalami? Ana gane maganarsa? Yana tuna abin da aka yi jiya? Kowace tambaya amsarta ɗaya cikin huɗu: babu wahala, da ƴar wahala, da wahala sosai, ba ya iyawa sam. Wannan tsari na tambayoyin da ake kira na Washington Group ne, waɗanda UNICEF ke aiki da su, don haka idan kuka je neman tallafi takardarku za ta yi magana da harshen da masu bayarwa suka sani.

Daga nan ku leƙa bayan katangar makaranta, don mafi yawan yaran da muke magana a kansu suna gida. Matan ƙungiyar iyaye mata ta AME sun san kowane ɗaki a unguwa. Mai unguwa, sarkin makafi da sarkin guragu sun san wanda ake fita bara da shi da wanda aka ɓoye. Wata uwa ta ce da ni a zaurensu: "Mushe, shi wannan ai Allah ya riga ya yi shi haka, me zai yi da lakwal?" Na ce: "Inna, ki ba ni shi wata uku. In bai rubuta miki sunansa ba, ki riƙe abinki." Ta yarda ne saboda maƙwabciyarta ƴar AME na zaune a gefe tana ƙarfafa ta.

Hattara: malami ba likita ba ne, kada ya rubuta sunan cuta. Kada a karanta sunayen yaran a gaban aji. Kada kuma a yi wa iyaye alkawarin keke ko na'ura tun yanzu. Alkawarin da bai cika ba, a shekara mai zuwa ƙofar gidan ba za ta buɗe muku ba.

Mataki na 2: Likita kafin kasuwa

Ku fara da asibitin unguwa, wato CSI, su ba ku takardar turawa zuwa babban asibitin jaha. Yara da yawa da ake ɗauka makafi ne, tabarau ke raba su da matsalar, wasu kuma yanar ido ce da ake cirewa. Wanda ake cewa ba ya ji, wani lokaci dattin kunne ne ya toshe, ko kunnen na zubar da mugunya, kuma sai an warkar da wannan kafin a yi zancen na'ura. Wanda sanƙarau ya kama jinsa ya tafi, shi sai awon ji na sosai. Idan ba a yin awon a kusa za a tura ku Yamai, tafiyar kimanin kilomita 550, don haka ku sa kuɗin mota na yaro da mai rakiya, da na kwana, cikin lissafi tun yanzu. Yaron da aka haifa da lanƙwasasshiyar ƙafa, asibitin yara na CURE da ke Yamai aikinsa ke nan.

Kada ku bar gaban likita sai da takarda a rubuce, mai hatimi, wadda ta faɗi abin da yaron ke buƙata. Ku yi mata kwafi uku. Ku duba kuma ko yana da takardar haihuwa. Yaran da aka ɓoye a gida galibi ba a yi musu ba, kuma ba tare da ita ba babu jarrabawa, babu shiga jerin masu tallafi.

Hattara: tabarau na tebur a kasuwa da ƴar na'urar ƙara sauti da ake tallarta da araha, ku nisance su. Na'urar da ba a daidaita ta da awon kunnen yaro ba tana iya ƙarasa ɗan jin da ya rage masa.

Mataki na 3: Gyaran da ba ya cin kuɗi sosai

Ku sake shafa wa allo baƙin fenti, malami ya yi manyan baƙaƙe da farin alli, kuma duk abin da ya rubuta ya faɗe shi da baki. Kurma ya zauna gaba ta gefe, inda zai ga bakin malami da fuskokin ƴan ajinsu, malamin kuma ya daina magana yana fuskantar allo. Zabiya a ɗauke shi daga bakin taga, a bar shi da hularsa a aji.

Gangaren hawa keke yana da ƙa'ida: kowane santimita 10 na tsayi yana son santimita 120 na tsawo. Dakalin aji mai santimita 30 ke nan gangarensa mita 3 da santimita 60. Magini zai so ya gajarta don siminti ya isa. Ku tsaya a kansa da ma'auni, don gangare mai tsauri kifar da keke yake yi. Ƙofa kada ta gaza santimita 90. Filin makarantunmu kuma rairayi ne, taya na nutsewa, sai a yi gayya a zuba jar ƙasa a daddaɓe daga ƙofar shiga zuwa aji, daga aji zuwa ban ɗaki. Ban ɗakin nan shi ake mantawa, kuma shi ke mayar da ƴan mata gida. A sa ƙarfen dafawa a bango da ƴar kujera mai rami.

Mataki na 4: Zaɓen kaya, yaro bayan yaro

Yaron da ba ya gani sam, kayansa na farko huɗu ne: allon rubutun makafi na Braille da tsinkensa, allon lissafi mai ƴan ƙwayoyi da ake kira kubaritim, farar sanda daidai tsawonsa, da takarda mai kauri. A allon nan daga dama ake hudawa zuwa hagu, sannan a juya takardar a karanta daga hagu zuwa dama. Nan sababbin malamai ke ruɗewa, su ruɗa yaro. Takarda ta zama mai nauyin giram 120 zuwa 160. Ta fotokofi ɗigonta na lotsewa bayan an shafa sau biyu ko uku. Don gwaji, bangon tsofaffin kaye da kalanda suna yi.

Bayan waɗannan, abin da ya fi ba ni mamaki da amfaninsa shi ne ƴar rediyon nan mai cin katin memori da ake sayarwa a kowace kasuwa. Malami ya ɗauki darasin tarihi ko na kimiyya da muryarsa a salula, da Faransanci sannan ya yi bayani da Hausa, ya zuba a kati, yaro ya tafi gida da shi. Maɓallanta ana jin su da yatsa, ba ta son intanet, in ta lalace kuma ba a yi babbar asara ba.

Salula mai Android tana da mai karanta rubutun da ke fuskarta da murya a cikinta, sunansa TalkBack, kyauta. Kwamfuta kuma a sa mata NVDA, shi ma kyauta ne, wasu makafi biyu ƴan Ostareliya suka ƙirƙiro shi, yana karanta Faransanci da kyau. Ba sai kun sayi irinsa na kuɗi, JAWS mai tsada, ba. Amma muryar Faransanci in ta hau rubutun Hausa sai ta dagula shi, musamman ƙ, ɗ da ɓ, shi ya sa muryar malami a kati ba ta da madadi. A ganina salula da kwamfuta sai yaro ya kai CM ko kwaleji, bayan yatsunsa sun zauna a kan Braille. Keken rubutun Braille na Perkins guda ɗaya ya ishi makaranta, shi ma sai akwai malamin da ya iya shi. Injin buga littattafan Braille kuwa na miliyoyin sefa ne, makaranta ɗaya ba ta da abin yi da shi. Ku nemi hulɗa da ƙungiyar makafi ta ƙasa, UNAN, da makarantar makafi ta Soly Abdourahamane da ke Yamai, ku tambayi abin da za a iya samu a wurinsu.

Hattara: saurare ba ya maye gurbin rubutu. Yaron da ya tashi da kunne kaɗai zai haddace darasi tsaf, amma ranar dikte bai san yadda ake harhaɗa kalma ba.

Mai raunin gani dabam yake da makaho, kuma an fi cutar da shi don ana haɗa su. Shi madubin ƙara girman rubutu yake so, da darasi da aka buga da baƙaƙe masu girman 18 ko sama, da kaye mai kaurin layi, da baƙin alƙalami mai kauri, da ɗan katakon jingina littafi don kada wuyansa ya ƙage. In akwai salula, ya ɗauki hoton allo ya buɗa shi da yatsa. Wanda ke iya karanta manyan baƙaƙe kada a tilasta masa Braille.

Kurma babban kayan aikinsa maganar hannu ce, kuma wannan ba a sayen ta a shago. Alamomin da yake yi da uwarsa a gida sun bambanta da waɗanda ake koyarwa a makarantun kurame irin ta Hassane Bana Bâ a Yamai, don haka a nemi babban kurma da ya yi karatu, ta hanyar ƙungiyar kurame, ya riƙa zuwa aji. Salula ɗaya da aka cika da gajerun bidiyon alamomi, na ƙirga, na launi, na ranakun mako, tana koyar da aji duka. Na'urar ji tana taimakon wanda ke da sauran ji, in likita ya ce. Batiranta ƙanana ne, lamba 13 mai ruwan lemo ko 675 mai shuɗi su aka fi sa wa yara, kuma da zarar an ɓare takardar bayansu sun fara ƙarewa ko ba a yi aiki da su ba. Robar da ke shiga kunne tana son canji yayin da yaro ke girma. In kun ji na'urar na fito, yawanci robar ce ta yi sako-sako. Manhajar Live Transcribe da ke mayar da magana rubutu sai ga wanda ya riga ya iya karatu, a ajin da ba hayaniya, kuma galibi tana son intanet.

Hattara: batirin na'urar ji in ƙaramin yaro ya haɗiye shi haɗari ne babba. A ajiye shi inda ƙanne ba sa kaiwa.

Mai lalurar ƙafa, a raba tsakanin keke mai taya uku na tuƙi da hannu, wanda ke kawo shi daga gida, da kujera mai taya ta cikin aji. Masu walda na gari suna ƙera na farkon, kuma gyaransa a kusa yake. A auna yaron kafin a ƙera, a sa masa katifar zama don gudun gyambo, a tanadi faci da famfo saboda ƙaya. Wanda hannunsa ke rawa, a naɗa wa fensir soso ko roba ya yi kauri, a manne takarda a tebur. Wanda ba ya iya magana, a yi masa allon hotuna: ruwa, ban ɗaki, ciwo, i, a'a.

Mai jinkirin fahimta kuwa ya fi cin moriyar katin hotuna, duwatsun ƙirga da haƙurin malami. In akwai tablet, a sa GCompris, wasannin koyo ne kyauta da ke aiki ba intanet.

Mataki na 5: Wuta, zafi da ƙura

Kafin ku rubuta sunan kowace na'ura mai batir a lissafi, ku amsa wannan: ina za a yi cajinta? Makarantar da ke da layin NIGELEC ta sa abin daidaita ƙarfin wuta, don dawowar wuta bayan ɗaukewa ita ke ƙona caja, musamman a bazara. Wadda ba ta da shi, ƙaramin faifan sola mai wat 50 da batirinsa ya ishi ƴan salula da rediyo. Kwamfuta tana son wanda ya fi haka. A Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, ɗakin kwano kuma ya fi waje, don haka a yi caji da safe, a inuwa, kada a bar na'ura a jone ta kwana. Lokacin hazo a lulluɓe Perkins da kwamfuta da zane. Na'urar ji kuma gumi ne abokin gabanta: da dare a buɗe murfin batir a sa ta cikin gwangwani mai abin tsotse danshi.

Mataki na 6: Lissafin shekara uku

Ku ja layi huɗu a takarda: kuɗin saye, kuɗin abin da ke ƙarewa, kuɗin horo, kuɗin gyara da sufuri. Layi na biyu shi ke kashe ayyuka. Batirin na'urar ji yana yin mako ɗaya zuwa biyu. In muka ce kwana goma, kunne biyu, batir sama da 70 ke nan a shekara, sama da 200 a shekara uku. Shafi ɗaya na littafin masu gani yana cin shafi biyu da rabi zuwa uku na Braille, sai ku auna takardar da ɗan CM2 zai cinye.

Farashi yana motsi, don haka ku karɓo shi a rubuce daga masu sayarwa. Abin da zai taimake ku ku auna: Perkins ya haura dalar Amurka 700 a inda ake yin sa, sama da jaka 400 ke nan kafin kuɗin jirgi da na duwan. Duk abin da aka ba ku farashinsa da yuro, ku ninka da 656. Salula mai Android da za ta yi aikin nan ta ƴan jaka gomomi ce, allon Braille da tsinke kuma ba su kai nan ba ko kusa. Ni ƙa'idata, duk na'urar da ba mu san inda kuɗin cinta na shekara uku zai fito ba, ba ma karɓar ta ko kyauta ce.

Mataki na 7: Neman kuɗi, daga kusa zuwa nesa

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ku fara da kwamitin kula da makaranta, CGDES, wanda har yanzu mutane ke kira COGES. Tsarin nan na tara jama'a su zaɓi kwamiti su tsara aikin shekara a nan jahar Tawa aka fara ƙarfafa shi a 2004, da shirin "Makaranta don kowa" na haɗin gwiwa da Japan, don haka ba baƙo ba ne a wurinmu. Ku sa buƙatun yaran nan cikin tsarin aikin shekara, a karanta a babban taron iyaye, a amince. Iyaye 300 in kowa ya ba da dala ashirin, jaka 30 ke nan: allunan Braille, takarda, rediyo da buhunan siminti. Wanda ba shi da kuɗi ya kawo yashi ko ƙarfinsa.

Hattara: kada a ɗora nauyin a kan iyayen yaron da ke da lalurar, kada kuma a kori ɗan kowa don ubansa bai biya ba.

Na biyu, ma'aikatar magajin gari. Kasafinta daga Janairu yake zuwa Disamba, ana shirya shi a ƙarshen shekara, don haka takardarku ta isa tun Oktoba ko farkon Nuwamba, ta hannun sufeton makarantu, ku riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Ku roƙi abu takamaimai: gangare biyu da ban ɗaki ɗaya. "A taimaka wa naƙasassu" ba ya shiga kasafi. Ku kai kwafi ofishin kula da walwalar jama'a na jaha.

Na uku, ƴan biɗa. Babu unguwa a Adar da ba ta da ƴaƴa a Abijan, Libiya ko Najeriya, kuma mafi yawansu suna da zauren WhatsApp na ƴan gari. Ku tura musu lissafin a sarari da saƙon murya na shugaban kwamiti. Kuɗin ya zo ta Nita, Amana ko Al Izza da sunan ma'aji, a karɓa gaban shaidu biyu, a mayar musu da hoton rasit a ranar da aka yi sayayya. Wanda ya ga rasit ɗin bara shi ke sake turowa bana. Attajiran gari kuma in za su ba da zakka, ku tuntuɓi malamin unguwa: zakka haƙƙin mabuƙaci ce, ta dace da abin da zai zama mallakin yaron, kamar tabarau ko keke, gini kuwa a nema daga sadaka.

Sai na huɗu, manyan ƙungiyoyi. UNICEF, CBM da Humanité & Inclusion, wadda aka fi sani da tsohon sunanta Handicap International, sun yi aiki a fannin nan a Nijar, amma da wuya su miƙa wa makaranta ɗaya kuɗi a hannu. Ta ma'aikatar ilimi da ofishinta na jaha suke bi, da tarayyar ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman ta ƙasa, FNPH. Aikinku shi ne sunan makarantarku da jerin yaranku su kasance a kan teburin waɗannan ofisoshi kafin wani shiri ya zo.

Takardar neman tallafi kada ta wuce shafi biyu: yawan yara da irin lalurarsu ba tare da suna ba, abin da likita ya ce, abin da kuka riga kuka yi da kuɗinku, abin da ya rage da farashinsa, wanda zai kula da kaya, da sa hannun direkta da shugaban kwamiti. Ku ambaci cewa Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman a 2008, wadda sashenta na 24 ke magana kan ilimi, da doka mai lamba 2019-62 ta watan Disamban 2019. Haƙƙi kuke nema, ku rubuta da wannan murya.

Hattara: kada ku watsa hoton yaro a intanet don jawo tausayi. In hoto ya zama dole, da izinin iyaye, a nuna shi yana karatu. Duk wanda kuma ya ce ku ba shi "kuɗin dosiye" zai samo muku tallafi, ku sallame shi.

Mataki na 8: Saye da karɓa

Ku karɓi takardar farashi daga masu sayarwa uku, mutum biyu na kwamiti su je tare, a dawo da rasit da takardar garanti. Salula a gwada ta a shagon: a shiga wurin saituna, a kunna TalkBack, a saukar da muryar Faransanci yadda za ta yi aiki ba intanet. Ku guji mafi arha mai ƙaramin memori, tana tsayawa in mai karatun ya hau. Kwamfutar hannu ta biyu a cire ta daga wuta a ga tsawon lokacin da batir zai yi, a duba maɓallanta na tsarin AZERTY ne, wanda yaron zai tarar a ko'ina a ƙasar nan. In zai yiwu yaron da kansa ya taɓa kayan kafin a biya.

Kayan da za a aiko daga waje, ku nemi jerinsu tukuna. Ku tabbata suna aiki da wutar 220, don wasu na Amurka na 110 ne. Takardar neman yafe harajin duwan a fara ta kafin kaya su taso. In sun riga sun iso, kuɗin ajiya na hawa kullum kuna yawon sa hannu.

Mataki na 9: Horo

Malamai biyu aƙalla, kada ya zama ɗaya, don canjin wurin aiki ba ya sallama. Mafi iya koyar da TalkBack, NVDA da Braille shi ne makahon da ke aiki da su kullum. Ku neme shi ta ƙungiyarsu, ku biya shi kamar kowane mai horarwa. Kwana biyar a jere sannan ziyara sau ɗaya a wata ya fi taron kwana ɗaya. Ku roƙi mai ba da shawara kan koyarwa ya sa batun cikin zaman CAPED, wato taron ƙara wa juna sani na malamai, malaman makarantun kusa su amfana.

Iyaye su ma a ba su rabin yini: yadda ake canza batir, yadda ake goge madubi, abin da ba a taɓawa. Ƴan aji a bar su su taɓa allon Braille, su koyi alamomi goma na farko, tsoro da tsokana sai su ragu. Abokin taimako a riƙa juya shi kowane mako, kada yarinya ɗaya ta zama ƴar jagora ta rasa nata karatun.

Mataki na 10: Wa ke riƙe da kaya

A bayan kayen nan na mataki na farko ku buɗe rajista: sunan kaya, lambarsa, wanda ya ba da shi, wanda ke riƙe da shi, ranar da aka duba shi. Tabarau, na'urar ji, sanda, keke, allon Braille da rediyo na yaro ne, da su zai kwana. Hana shi tafiya gida da su daidai yake da karɓe wa sauran yara kaye a bakin ƙofa. Perkins, kwamfuta da tablet su zauna a makaranta, mabuɗi biyu a hannun mutum biyu.

Salula ita ce mai rigima. Ta je gida, sai wa ko baba ya sa layinsa, bayan wata guda ta zama ta gida. Ku zauna da uban gaban shugaban kwamiti a yi yarjejeniya a rubuce, malami kuma ya riƙa ganin ta kowace Litinin. In ta fashe ba da gangan ba, kada a hukunta yaro, in ba haka ba gobe zai ɓoye lalacewar.

Kafin babban hutu a cire batura daga duk abin da za a ajiye, masu caji a bar su da kusan rabi, a ɗaga akwatin daga ƙasa saboda ruwan damina da gara, wani kuma ya zo ya kunna su sau ɗaya a wata. Yaron da ke ajin jarrabawa, tun zangon farko direkta ya rubuta wa sufeto yana neman takardar tambaya ta Braille ko mai manyan baƙaƙe, ƙarin lokaci, da ɗaki mai sauƙin shiga. Wanda ya wuce kwaleji kuma ya tafi da kayansa da kwafin shafinsa, malaminsa ya raka shi ranar farko ya miƙa shi hannu da hannu ga sabon direkta.